Yadda ake samun inshorar mota a Amurka bayan an dakatar da lasisin tuƙi

Mutane da yawa da aka dakatar wa lasisi a Amurka suna zama jiran ranar da wa'adin zai cika, da tunanin sai lasisi ya dawo hannu sannan a nemi inshora. A jihohi da dama abin a juye yake. Hukumar lasisi ba za ta saki lasisinka ba sai ta ga shaidar kana da inshora, kuma shaidar ba daga hannunka take son karɓa ba, daga hannun kamfanin inshora take so. Wanda bai san haka ba sai ya je ofis ranar da wa'adi ya cika, ya bi layi, a ce masa ya koma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin yana farawa ne makonni kafin ranar.

Fara da wasiƙar da aka aiko maka

Kowace jiha da hukumarta da dokarta. A Kalifoniya da Niyok sunanta DMV, a Teksas lasisi yana hannun DPS, a Ohayo da Indiyana kuma BMV ake ce mata. Ko wacce ce, takan aiko da wasiƙa mai ɗauke da dalilin dakatarwa, ranar da ta fara, da sharuɗɗan da za ka cika. Idan wasiƙar ta ɓace, ka shiga shafin hukumar a intanet ko ka je ofishinta ka nemi kundin tarihin tuƙinka. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ne ainihin abin da kamfanonin inshora za su duba a kanka, saboda haka gara ka riga su gani.

Abu biyu za ka tantance a ciki. Na farko, dakatarwa aka yi ko sokewa? Lasisin da aka dakatar yana nan, riƙe shi aka yi zuwa wani lokaci ko zuwa ka cika wani sharaɗi. Wanda aka soke kuwa ya mutu, sai an nemi sabo, wani lokaci har da sake jarrabawa. Na biyu, dakatarwa guda ce ko sun taru? Yakan faru mutum ya warware ta tuƙi ba inshora, ashe akwai wata daban ta rashin zuwa kotu kan tsohuwar takardar tara. Kowacce da kuɗin buɗewarta, kuma ɗaya ba ta goge ɗaya.

Dalilin dakatarwar shi ke yanke tsadar inshorar da za ka samu. Tuƙi cikin maye ya fi komai nauyi. Ma'aunin barasa a jini da doka ta haramta wa direba mai cikakkun shekaru shi ne kashi 0.08 cikin ɗari, sai jihar Yuta da ta sauke nata zuwa 0.05 tun ƙarshen 2018. Bayansa akwai tuƙin ganganci, tuƙi ba inshora musamman idan an yi haɗari, da tarin makin laifi, wato makin da hukuma ke rubuta wa direba kan laifukan tuƙi. A Filorida maki 12 cikin wata 12 yana jawo dakatarwar kwana 30, maki 18 cikin wata 18 wata uku, maki 24 cikin wata 36 kuma shekara guda. A Kalifoniya maki 4 cikin shekara, ko 6 cikin shekara biyu, ko 8 cikin uku sun isa a sa mutum cikin jerin masu sakaci. Akwai kuma dakatarwar da ba ta shafi yadda kake tuƙi ba, kamar rashin biyan kuɗin kula da 'ya'ya da kotu ta ɗora. Irin wannan wasu kamfanoni ba sa ɗaukarta da zafi sosai, don haka idan naka ke nan, ka faɗa wa dillalin inshora tun farko kada ya haɗa ka da 'yan maye a kwando ɗaya.

Mene ne SR-22

Za ka ji ana cewa "inshorar SR-22", har wasu kamfanoni da haka suke talla. Ba wata inshora ce ta daban ba. Takarda ce da kamfanin inshora ke aika wa hukumar lasisi, yana shaida cewa wane yana da aƙalla mafi ƙarancin inshorar da dokar jihar ta tanada, tare da alkawarin cewa ranar da inshorar ta yanke zai sanar da hukuma. Wannan alkawarin shi ne zuciyar lamarin. Takardar sanarwar yankewa ita ma tana da suna, SR-26, kuma da zarar ta isa hukuma lasisi yana komawa gidan jiya.

Ba kai ke cike SR-22 ba, ba kuma a sauke ta daga intanet. Kamfani mai izinin aiki a jihar da ta buƙace ta ne kaɗai ke shigar da ita, yawanci ta kwamfuta. Kuɗin shigarwa ba shi da yawa, galibi tsakanin dala 15 zuwa 50. Abin da ke cin aljihu shi ne kuɗin inshorar kanta, wanda laifin ya ɗaga.

Tsawon lokacin da za ka riƙe ta ya danganta da jiha. Kalifoniya shekara uku, Teksas shekara biyu daga ranar hukunci. Ka lura da wannan "daga ranar", domin wata jihar daga ranar hukunci take ƙirga, wata daga ranar dakatarwa, wata daga ranar da aka mayar da lasisi. Ka tambayi hukuma ta faɗa maka ranar ƙarewa, ka rubuta ta.

Filorida da Bajiniya suna da wata mai tsanani da ake kira FR-44, wadda ake ɗora wa wanda aka kama da tuƙi cikin maye. Bambancinta shi ne mafi ƙarancin inshora ba ya isa. A Filorida sai ka sayi mai biyan dala 100,000 kan raunin mutum ɗaya, 300,000 kan raunukan haɗari guda, da 50,000 kan ɓarnar dukiya. A Bajiniya ninki biyu ne na abin da ake nema daga sauran direbobi. Wasu jihohi kuma, kamar Niyok da Pensilbaniya da Karolina ta Arewa, ba sa aiki da SR-22. Wannan ba ya nufin an sake ka. Karolina ta Arewa, alal misali, tana da nata fom mai suna DL-123 da kamfani ke cikewa a matsayin shaida.

Idan kana da mota, kada ka yi saurin soke inshorarta

Tunanin da ke fara zuwa wa mutum shi ne, tunda ba zan yi tuƙi na wata shida ba, me zai sa in ci gaba da biya? A nan ake yin asara mafi girma. Kamfanoni suna ƙara kuɗi ga wanda ya yi zama ba inshora, ban da ƙarin da laifin kansa ya jawo, sai ka tarar an caje ka sau biyu. Idan kuma motar bashi ce ko haya ta dogon zango, yarjejeniyarka da mai ba da bashin ta wajabta cikakkiyar inshora. Ka soke, su saya da kansu su ɗora maka a kan bashin, mai tsada, wadda kuma dukiyarsu take karewa, ba kai ba. A Niyok da Filorida akwai ƙarin tarko: muddin lambar mota tana hannunka dole inshora ta ci gaba, sai ka mayar da farantin lambar ga hukuma kafin ka soke, in ba haka ba wata sabuwar dakatarwa ce za ta hau kan ta farko.

Hanyoyin rage kuɗi ba tare da yankewa ba suna nan. Idan akwai mai lasisi a gidan, mata ko miji ko babban ɗa, a mayar da shi babban direban motar. Wasu kamfanoni za su ce a rubuta sunanka a matsayin wanda aka cire daga inshorar. Hakan yana sauke farashi, amma ka fahimci abin da ka sa wa hannu: idan ka ɗauki motar ko zuwa bakin titi ne ka yi karo, ba za su biya ko sisi ba. Kuma ranar da lasisi ya dawo cirewar ba ta ɗagewa da kanta, sai ka nema a rubuce. Ba kowace jiha ce ta yarda da wannan tsari ba. Idan kuwa ba mai tuƙa motar, ka tambaya ko za a bar mata inshorar ajiya kawai, wadda ke biyan sata da gobara da ƙanƙara da faɗuwar bishiya, bayan ka tabbatar dokar rajistar jiharka da mai bashinka sun yarda.

Shin kamfaninka zai kore ka? Yana iya. Dakatar da lasisi yana cikin 'yan dalilan da jihohi da yawa suka ba kamfani damar soke inshora a tsakiyar zango. Abin da ya fi yawa shi ne su bari sai lokacin sabuntawa, su duba kundinka, su ƙara kuɗi ko su ce ba su sabuntawa. Dole su aiko da sanarwa a rubuce kafin ranar, kuma waɗannan kwanakin su ne lokacinka na neman wani kamfani.

Idan ba ka da mota

Wanda ya sayar da motarsa, ko dama ba shi da ita, har yanzu hukuma za ta nemi SR-22 daga gare shi. Maganinsa ita ce inshorar marar mota. Direba take bi, ba mota ba, kuma takan fi ta mai mota araha nesa ba kusa ba. Tana biyan rauni da ɓarnar da ka yi wa wasu yayin da kake tuƙa motar aro, galibi bayan inshorar mai motar ta biya nata. Ba ta gyara motar da ka ara, ba ta kuma biyan jinyarka sai an ƙara wannan daban.

Sharaɗinta ne ke kayar da mutane. Yawancin kamfanoni ba sa sayar da ita ga wanda akwai mota a gidan da yake zaune, ko wanda ke tuƙa wata mota kullum. Wanda ya ce ba mota a gidansu alhali ta matarsa tana ƙofar gida, zai samu takardar, lasisi ma zai dawo, amma ranar haɗari mai bincike zai duba adireshi da rajistar motar ya ga gida ɗaya ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka kuma ranar da ka sayi mota, kafin ka fitar da ita daga wurin mai sayarwa, ka kira a sauya inshorar zuwa ta mai mota, a kuma sabunta SR-22 a kanta.

Neman kamfani

Ka fara da kamfanin da kake tare da shi, ka tambaye su kai tsaye ko suna shigar da SR-22 a jiharka da nawa sabon farashin zai kama. Ko da sun ce eh, kada ka tsaya nan. Bambancin farashi tsakanin kamfanoni kan direba mai tabo yana da faɗi fiye da na direba mai tsabtataccen kundi, domin kowane kamfani da yadda yake auna laifi. Akwai waɗanda kasuwarsu ke nan, kamar The General, Dairyland, Bristol West da National General, kuma Progressive ma tana karɓar irin waɗannan direbobi a jihohi da yawa. Dillali mai zaman kansa, wanda ke hulɗa da kamfanoni da dama, ya fi amfani a nan, domin zai shigar da bayananka sau ɗaya ya fito maka da farashi huɗu ko biyar. Ka duba sunansa a shafin ma'aikatar inshora ta jihar ka tabbatar yana da lasisin aiki, ka kuma tambaye shi ko yana da nasa kuɗin dillanci daban, domin wasu suna ɗora shi cikin kuɗin farko ba su faɗa ba.

Kafin ka kira, ka tara lambar lasisinka, wasiƙar hukuma ko takardar kotu mai lambar shari'a, ranar laifi da ranar hukunci, lambar jikin mota mai harafi da lamba 17, da sunayen duk masu lasisi a gidan. Ka faɗi laifin yadda yake. Za su ciro kundin tuƙinka, su kuma duba rahoton C.L.U.E. na kamfanin LexisNexis, wanda ke ɗauke da tarihin neman diyyarka na shekara bakwai. Wanda ya ɓoye zai ga farashi mai daɗi a ranar farko, bayan makonni kaɗan a aiko masa da ƙari ko sokewa, kuma a jihohi da yawa kwana 60 na farko kamfani yana da 'yancin sokewa cikin sauƙi. Kai ma kana da haƙƙin karɓar wannan rahoton kyauta sau ɗaya a shekara. Idan akwai haɗarin da ba naka ba a ciki, ka nemi a gyara kafin ka fara yawon farashi.

Wasu kamfanoni za su ce ba sa sayar wa wanda lasisinsa ba ya aiki. Kada ka yi musu, ka wuce. Masu wannan kasuwa sun saba: suna rubuta inshorar, su shigar da SR-22, su ba ka ɗan wa'adi ka kawo shaidar lasisi ya dawo. Ka tambayi tsawon wa'adin, domin idan saura wata huɗu dakatarwarka ta ƙare kuma wa'adinsu wata guda ne, ka yi sauri da yawa.

Idan kowa ya ƙi ka, kowace jiha tana da shirin ƙarshe, wanda a yawancin jihohi ke raba direbobin da aka ƙi ga kamfanonin da ke aiki a cikinta, dole wanda aka ba ya karɓa. Na Kalifoniya sunansa CAARP, na Niyok NYAIP. Ta hannun dillali ake shiga. Yana da tsada, wurin fakewa ne kafin a samu mafita.

Nawa za ka saya

Za a karanto maka lambobi uku, misali 30/60/25, wanda shi ne mafi ƙaranci a Teksas. Ma'anarsa dala 30,000 kan raunin mutum ɗaya, 60,000 kan duk waɗanda suka ji rauni a haɗari guda, 25,000 kan dukiya. Kalifoniya ta ɗaga nata zuwa 30/60/15 daga 1 ga Janairun 2025. Wanda ya tuna tsohon 15/30/5 ya sani an wuce wurin. Mafi ƙarancin ya isa a dawo da lasisi, amma ka yi lissafi. A ce ka daki sabuwar mota mai darajar dala 40,000 a Kalifoniya ta tashi daga aiki: kamfani zai biya 15,000, saura 25,000 a wuyanka, kuma hukuncin kotu kan diyyar da ba a biya ba shi ma dalilin dakatar da lasisi ne a jihohi da yawa. Ka nemi a gaya maka farashin mataki na gaba, sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake tsoro ba. Inda ya fi dacewa a rage shi ne inshorar gyaran motarka idan tsohuwa ce kuma ba bashi a kanta, ko a ɗaga kason da kai za ka fara biya daga aljihu.

Mai niyyar aikin kai saƙo ko ɗaukar fasinja da manhaja ya sani inshorar mota ta amfanin kai ba ta ɗaukar wannan sai an ƙara mata sashe na musamman, kuma kamfanonin manhajar suna duba kundin tuƙi da kansu.

Jerin yadda abin ke tafiya

Ka gama abin da kotu ta ɗora: tara, ajin koyar da illar maye ko na gyaran tuƙi, da na'urar hura numfashi da ake haɗawa da makunnin mota idan an umarta, wadda kai ke biyan kuɗin sakawa da na wata-wata. Ka sayi inshora, a shigar da SR-22. Ka bar 'yan kwanaki, sannan ka duba da hukuma ko ta shiga kundinka. Kuskuren harafi ɗaya a suna ko lamba ɗaya a lasisi ya isa takardar ta maƙale ba wanda ya sani. Ka biya kuɗin mayar da lasisi, wanda a Kalifoniya da Teksas dala 125 ne ga dakatarwar da ta biyo bayan gwajin maye. Sai ka ga an rubuta lasisinka yana aiki kafin ka taɓa sitiyari. Cikar wa'adi kaɗai ba ta mayar da lasisi, kuma wanda aka tsayar a wannan tsakanin tuhumarsa tuƙi da dakataccen lasisi ce, laifin da ke iya kai mutum gidan yari.

Wanda ba zai iya jira ba saboda aiki ko makaranta ko asibiti yana iya neman taƙaitaccen lasisi. A Teksas kotu ce ke ba da umarninsa, ta ƙayyade sa'o'i da wuraren da za ka je, kuma shi ma sai da SR-22.

Shekarun riƙo

Da yawa daga cikin waɗanda lasisinsu ya sake tafiya ba sabon laifin tuƙi suka yi ba. Ga yadda yake faruwa. Kuɗin inshora na fita daga katin banki ranar 5 ga kowane wata. Katin ya ƙare aiki a ƙarshen watan jiya, sabon yana cikin ambulan da ba a buɗe ba. Cirewa ta ƙi. Kamfani ya aika sanarwar sokewa, wadda kan rashin biya a jihohi da yawa kwana 10 kacal take bayarwa, zuwa gidan da ka tashi daga ciki wata uku da suka wuce. Wa'adi ya cika, SR-26 ta tafi hukuma, hukuma ta aika tata wasiƙar zuwa wancan tsohon gidan. Kai kana ta tuƙi ba ka san komai ba, sai ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai kan fitilar baya da ta mutu. Daga nan sabon kuɗin buɗewa, sabuwar SR-22, a wasu jihohin ma ƙirgen shekarun ya koma farko.

Saboda haka, in da hali, ka biya wata shida a dunƙule. Ana ma yin rangwame a kai, ka kuma huta da kuɗin da ake ƙarawa kan biyan kashi-kashi. In babu hali, a riƙa cirewa daga asusun banki kai tsaye maimakon kati, ka kuma duba washegarin ranar biya. Duk lokacin da ka sauya gida, ka sanar da kamfani da hukuma, kowanne daban, domin ɗaya ba ya gaya wa ɗaya.

Sauya kamfani halal ne, har ma muna ba da shawarar a sake neman farashi duk lokacin sabuntawa, tunda yawancin kamfanoni shekara uku zuwa biyar suke waiwaya kuma nauyin laifi yana raguwa da tsufansa. Sai dai a bi tsari: sabon kamfani ya shigar da tasa SR-22, ka tabbatar hukuma ta karɓa, sannan ka soke tsohuwar. Gara ka biya kwana biyu ko uku a wuri biyu da a samu giɓin kwana ɗaya. Tuƙi cikin maye shi kam yana daɗewa. A Kalifoniya shekara 10 yake yi a kundi, kuma cikinsu ba ka samun rangwamen kashi 20 cikin ɗari da dokar jihar ta tanadar wa direba nagari.

Ƙaura zuwa wata jiha ba ta yanke wajibcin. Jihar da ta ɗora maka SR-22 tana nan tana jira har wa'adinta ya cika, ko da sabuwar jiharka ba ta san wannan takarda ba, kuma jihohi suna duba rumbun bayanai na ƙasa kafin su ba da sabon lasisi. Kafin ka kwashe kaya ka nemi kamfanin da ke aiki a jihohin biyu wanda zai iya ci gaba da shigar da takardar a tsohuwar.

Ranar da kake ganin wa'adi ya cika, kada ka kira kamfani tukuna. Ka fara samun tabbaci daga hukuma, a rubuce in zai yiwu, cewa an ɗage sharaɗin. Sannan ka ce wa kamfani ya cire SR-22 daga inshorar, ka bayyana musu sarai cewa takardar kawai za a cire, inshorar ta ci gaba. A makon nan ka sake karɓar farashi daga manyan kamfanonin da suka ƙi ka a baya, ka riƙe musu shaidar shekarun da ka yi ba yankewa.